Jirgin da Ban Yanke Ba

Ku samarin da kuka buɗe shagunan buga takarda a bakin gidan waya, na ji abin da kuke faɗa game da mu. Wai aikin marubucin wasiƙa ba komai ba ne, mutum ya faɗa, kai ka rubuta. Ɗaya daga cikinku, maƙwabcina a unguwar Zariya, ya ga wata tsohuwar takarda cikin kayana, ya ɗauki hotonta da salula. Bayan kwana biyu ya dawo ya ce mini a ƙasashen Turawa akwai masu tara irinta suna sakawa cikin gilashi. Ya tambaye ni ko zan sayar. Na ce masa ya bari in rubuta yadda ta zo hannuna da abin da ta yi. Zan faɗi iyakar abin da na gani. Inda ban tabbata ba zan ce ban tabbata ba.

Ban shiga sana'ar nan da niyya ba. Na gama jami'a a Yamai da lisansi, wato digirin farko, a fannin shari'a, zamanin da soja ke mulki. A shekarata ta ƙarshe ɗalibai sun yi yaji. Ban yi jawabi ba, ban riƙe allo ba, amma ɗakinmu ɗaya da wanda ya yi. Abokan karatuna aka rarraba su ma'aikatu, ni kuwa dosiyena, wato fayil ɗin takarduna, ya shiga wani biro, wato ofishin gwamnati, bai fito ba. An ce akwai jerin sunaye. Ban taɓa ganinsa ba, don haka ba zan ce ina ciki ba. Na dawo Maraɗi gidan kawuna, kowace safiya ina zuwa gidan waya in duba ko amsa ta zo. A nan na san Baba Iliya.

Baba Iliya mutumin Tibiri ne, Kirista, ya koyi boko wurin ƴan mishan. Yana da tebur mai naɗewa ƙarƙashin itacen bedi, da benci guda na masu jira. Ya daɗe yana kallona ina shiga ina fitowa hannu wofi. Wata rana ya kira ni.

"Kai mai lisansi," ya ce, "kullum kana zuwa amsar wasiƙar da ba a rubuta ba. Zo ka zamna nan ka rubuta waɗanda za a amsa."

Yana jin Ingilishi, Hausarsa ta rubutu kuma ba ta da aibu, amma Faransancinsa na kasuwa ne. Takardun gwamnati kuwa da Faransanci ake yi. Abin da yake bukata a wurina ke nan. Na ce masa zan gwada kafin aikina ya fito. Ya ce, "To, kafin ya hito," yana dariya. Daga ranar sunana ya koma Lisansi a bakin kowa.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai mashin ɗin buga rubutu ɗan Faransa, wanda ba shi da haruffa masu lanƙwasa, sai an gama a bi da alƙalami a sa wa kowace ƙa da ɗa ƙugiyarta. Akwai zaren tawada da muke juyawa har ya huje, da karbon, da rula ta ƙarfe, da reza, da kwalbar ƙaro da aka jiƙa don liƙe ambulan. Wata guda cur bai bar ni na taɓa mashin ba. Aikina in zauna in saurara.

Wasiƙar farko da ya ba ni ta wata mata ce daga Tibiri, mijinta yana Abijan ya yi shiru. Ta yi magana mai tsawo, ni kuma na rubuta duk abin da ta faɗa da fensir, ban bar ko kalma ba. Ta tsine wa Abijan, ta ambaci uwarsa, ta lissafa abin da ta sha tun ranar da aka kawo ta gidansa. Na miƙa wa Baba ina jiran yabo. Ya karanta, ya ajiye, ya juya wajenta.

"Ɗiyata, in ya gama karantawa, mi kike so shi yi?"

"Shi zo, Baba. Ko shi aiko mu san yana da rai."

"To wanga za mu sa sama. Zagin kuma ki aje mishi, in ya zo ki ba shi da zahinshi."

Matar ta yi dariya har da hawaye. Da ta tafi ya ce mini mutum yakan zo da magana goma, ɗaya ce wasiƙar, sauran tara naka ne ka ji ka riƙe. Ka san komai na mutum, amma kada ka sa a takarda sai abin da zai yi masa aiki. Injin da kuke da shi yanzu yana gyara muku kuskuren rubutu, na gani, yana da kyau. Ban ga yana yi muku wannan ba.

Yanzu maganar takardar. Tun yana saurayi Baba Iliya ya tafi Kano neman aiki, aka ɗauke shi boyi a jirgin ƙasa mai zuwa Ikko, a taragon manya. Ya ce a ƙarshen taragon akwai ɗan tebur na rubutu, an kewaye shi da ƙarfen tagulla don kada kwalbar tawada ta zame in jirgi ya yi kwana. Aikinsa ya tabbata kullum akwai takarda da ambulan a kai. Fasinja ya rubuta wasiƙarsa jirgi na tafiya, ya miƙa masa, shi kuma ya jefa a akwatin tasha ta gaba. Da Najeriya ta sami ƴancin kai aka sake tambarin kamfanin, aka ce a ƙone tsofaffin takardu masu kambin sarauniya. Ya roƙi babbansu, aka bar masa. Ya cika akwatunan ƙarfe biyu, ya ɗora a mota ta Katsina, ya kawo su Tibiri. Haka ya gaya mini, ban kuma ga dalilin da zai ƙara ba.

Takardar tana da kauri, launinta kamar kindirmo. Tawada ba ta yaɗuwa a kanta. In ka ɗaga ta ga rana za ka ga hoton ƙafar jirgi a cikin jikinta. An liƙe su kundi-kundi, kowane kundi da ganyen shanye tawada a farko. A samanta, faɗin yatsa uku, an zana kan jirgi yana hayaƙi, ƙarƙashinsa kuma rubutun Ingilishi mai cewa an rubuta wannan a cikin jirgi, tsakanin tasha kaza da tasha kaza, da gurbi biyu da fasinja zai cike. Ambulan ɗin yana da shafi shuɗi daga ciki da ƙaramin jirgi a bakinsa. Akwai kuma katunan jerin abinci, waɗanda muke rubuta adireshin mutane a bayansu. Adireshin rabin mutanen ƙauyen Jiratawa yana bayan miyar wutsiyar sa da soyayyen kifi. Duk suna warin kafur, don da shi Baba ke korar gara.

Tun muna yara ake cewa za a kawo jirgin ƙasa Maraɗi. Baba yakan ɗaga takardar ya ce wa masu jira, "Ku daina jiran gwamnati, ga shi nan ni na kawo muku." Mutane suna son ta ƙwarai. Mai neman aure, mai gaida suruki, mai sanar da haihuwa, kowa cewa yake, "Baba, a yi mini a ta jirgi." Waɗansu ba su taɓa ganin jirgin da ido ba. Ba kowa yake ba ita ba, sai ya ga wasiƙar ta isa.

Takardar gwamnati ta farko da na ga ya shirya ta wani tsohon soja ce mai neman a gyara masa sunan da aka ɓata a littafin fansho. Baba ya zaro ta jirgi, ya ɗora rula ƙarƙashin zanen, ya ja reza sau ɗaya. Jirgin ya faɗi gefe, ya jefa shi cikin gwangwani. Sannan ya nemo farin ambulan. Na tambaye shi me ya sa yake ɓata takarda mai kyau.

"Ta dangi a bar mata jirginta," ya ce. "Ta biro a yanke. Kuma ka taƙaita. Wanda ke biro ba shi son ganin komi sai abin da ya tambaya."

Na ɗauka maganar tsari ce kawai, irin yadda aka koya mana a jami'a cewa a bar gefe, a sa kwanan wata a dama, a liƙa tambur, wato kan sarki, a hagu. Na bi dokar shekara biyu ko uku ban sake tambaya ba.

Sai shekarar fari ta zo. Ruwa ya sauka sau kaɗan ya ɗauke, gero ya bushe yana tsaye bai kai gwiwa ba. Gulbi bai kawo ko sau ɗaya yadda ya saba ba. Mutanen arewa suka sauko suka kafa bukkoki a bayan gari. A daidai lokacin kuma sojan Najeriya suka rufe iyaka, namu ma suka tsananta. Komai namu daga can yake zuwa, har takarda. Farar takarda ta ɓace daga kasuwa. Mun yi rubutu a jikin buhun siminti ga waɗanda za su aika da hannu. Baba ya buɗe akwati na biyu, wanda ya ce ya ajiye don tsufansa. Wasiƙun ma suka zama iri ɗaya, ba aure, ba suna. Wane ya rasu, an sayar da sa, ku zo ku ɗauki yara.

A shekarar nan wuri ɗaya ne kore a duk kewayen Maraɗi, wato filayen ban ruwa na Jiratawa. An haƙa rijiyoyi masu inji, an ja magudanan siminti, an yanka ƙasar ƙanana-ƙanana an raba wa manoma. Mai fili a nan yana da alkama ko dawa ko tattasai ko da sama ba ta zubo ba. Wanda ya rasa nasa kuwa ba shi da wani abu a baya. Saboda haka idon mutane da yawa yana kai, har da waɗanda ba su taɓa riƙe hauya ba. Aka kafa wani kwamiti, da wani ajidan na soja a kansa, aka ce za a zaga a ga mai fili da ido. Wanda ba a tarar ba, a karɓe, sai in ya rubuto dalili cikin wa'adin da aka sa.

Ranar da aka zaga, mutum huɗu na gari ɗaya ba sa nan. Sun bi hanyar daji da jakuna zuwa Jibiya, a ƙetaren iyaka, su sayo garin rogo, don alkamarsu ba ta nuna ba, gidajensu kuma babu abin ɗorawa. Kwana tara suka yi. Kowa ya san ana yin haka, har masu tsaron iyakar. Uku daga cikinsu suka zo wurinmu da wuri. Baba ya faɗa mini abin da zan sa, na mayar da Faransanci: wane ɗan wane, mai fili lamba kaza, ya fita neman abincin iyali, ya dawo, yana kan filinsa, yana roƙon a bar masa. Layi biyar kowanne, a takardar da aka yanke. Washegari Baba ya tafi asibitin mishan a yi masa aikin ido, ya bar mini teburin.

Na huɗun shi ne Rabe. Ya makara don jakinsa ya mutu a hanya, ya ƙaraso da buhu a ka, ƙafarsa ta kumbura har ta hana shi fita. Mutum ne mai kamar shekara arba'in, yana da mata ɗaya da ƴaƴa biyar da tsohuwar uwa. Ya zauna a benci ya ba ni labarin duka, Jibiya, jakin, inda suka kwana, kamar yadda kowa ke yi wa marubuci. Na riƙe wannan ban sa ba. Amma na ga ya makara, wa'adin saura kwana ɗaya, na ce layi biyar ba za su ishe shi ba. Na zauna na tsara masa takarda irin wadda aka koya mini. Na kawo shekarun da ya yi a filin, na kawo yawan bakin da yake ciyarwa, na kawo ƙa'idar da ta ce ba a karɓe wa mutum abu sai an saurare shi. Kowace jimla na sa mata kariya ta gaba da ta baya. Da na ƙirga, layi talatin da wani abu. A takardar da aka yanke ba za su shiga ba. Shafi biyu kuma yana bukatar tambur biyu, Rabe ɗaya ya iya kawowa.

Na ɗauki rula, na ajiye. Rabe yana kallona. Mushe yake kirana, wato malam da Faransanci.

"Mushe, mi za ka yanke?"

"Hoton nan. Ba a cika son shi a biro ba."

"Haba Mushe, bar mini jirgina. Su wane an yi musu a guntuwa, ni a yi mini a cikakka. In babba ya gani ya san ba wasa na zo ba."

Ba na kawo maganarsa don in ɗora masa. Shi manomi ne, ni ne mai teburin. Na yi tunanin ajidan ba ya jin Ingilishi, ko in yana ji zai ga gurbin tashoshin babu komai. Na ga kuma cewa hujja talatin ta fi hoto ɗaya nauyi. Na buga ta a cikakkiyar takarda. Farin ambulan ya ƙare, na sa ta a mai shuɗin ciki. Na karanta masa sau biyu da Hausa, ya dangwala yatsa, ya kai wa masinjan biron da kansa.

Bayan mako guda aka liƙa sunaye. Abokan tafiyarsa uku an bar musu. Sunan Rabe an ja masa jan layi, an rubuta a gefe cewa yana zaune a ƙasar waje. Ya zo mini a ƙafa daga Jiratawa, ban gane shi ba sai da ya yi magana.

"Mushe, wai ina Najeriya. Ga ni. Taho ka gaya musu ga ni."

Na rufe mashin, na ba mai shayi ajiyar tebur, muka tafi. Mun zauna a baranda tun hantsi har bayan azahar kafin a kira mu. Ajidan yana zaune, akawu yana gefensa. Takardata tana kan tebur. Na lura ba a ko warware ninkin ƙasanta ba, samanta kawai aka buɗe. Da Faransanci ya yi mini magana.

"Kai ka rubuta wannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"A ina?"

"A bakin gidan waya, nan Maraɗi."

"Yaushe jirgin ƙasa ya fara bi ta bakin gidan waya? Ba a gaya mini ba."

Akawu ya yi dariya. Na yi bayani a hankali. Na ce tsohuwar takarda ce tun ta zamanin Turawa, ta maigidana ce, ta fi shekara ashirin a akwati a Tibiri, ga kambin sarauniya ma a jiki. Ya duba, ya ɗaga ta ga taga. Ina jin ya yarda, don bai sake tambayar inda na same ta ba. Ba zan ce mugun mutum ne ba, ban san shi ba sai ranar. An ce akwai wanda ke jiran filin. Ban ga wannan da idona a lokacin ba.

"To," ya ce, "a bar takarda. Amma tunda maganar iyaka ta shigo, sai a rufe ta. Na ji kai mai lisansi ne. Ga alƙalami. Rubuta a ƙasa cewa ka shaida mutumin nan bai ƙetare iyaka ba a bana. Ka sa cikakken sunanka da hannunka. In ka sa, ya koma filinsa yau."

Ku da kuke cewa aikin ba wuya, ga inda nake so ku tsaya. Na san Rabe ya je Jibiya, shi ya gaya mini da bakinsa. Na san abin da doka ta tanada ga shaidar ƙarya, na ci jarrabawa a kai. Na san dosiyena yana wani biro, kuma cikakken sunana ake nema. Rabe ba ya jin Faransanci. Yana tsaye da hula a hannu, yana duban bakina.

Na ce, "Abin da zan iya shaidawa, ranka ya daɗe, shi ne ranar da aka rubuta takardar nan yana gabana a Maraɗi. Wannan zan sa hannu a kai yanzu."

"Ba shi na tambaye ka ba."

"Sauran kwanakin ba na tare da shi. Ba zan iya cewa ya je ba, ba kuma zan iya..."

"I ko a'a?"

"A iya abin da na gani da ido, ban gan shi a iyaka ba."

Ya karɓe alƙalaminsa. Ya juya ga Rabe, da Hausa wannan karon. "Kai, malaminka ma ya ƙi tsaya maka. Ka je ko ba ka je ba?"

Rabe ya dube ni, ya dubi ajidan. "Na tahi, ranka shi daɗe. Kwana tara. Gari na sawo ma ɗiyana."

Akawu ya rubuta. Aka ce mu fita. A baranda Rabe ya sa hularsa, ya ce, "Mi ya ce ka yi, Mushe?" Na gaya masa gaskiya. Ya gyaɗa kai, ya sauka matakala yana ɗingishi. Bai ambaci abokan tafiyarsa a ciki ba, ba a kuma taɓa tambayarsu ba. A iya sanina ƴaƴansu ne ke noman filayen har yau.

Baba Iliya ya dawo da ido ɗaya a ɗaure. Labari ya riga ni isa Tibiri. Na je gaishe shi, yana kwance a zaure, bai bari na gama gaisuwa ba.

"Layi nawa ka yi mishi?"

"Talatin da ɗaya, ina jin."

"An karanta?"

"Ba a karanta ba."

Na ce, "Baba, da kai ne aka miƙa wa alƙalamin, da ka sa hannu?"

"Ni ba a miƙo mini, Lisansi. Ni yankewa nike."

Bai kore ni ba. Idon bai warke sosai ba, teburin ya zama nawa a hankali, da abin da ya rage a akwatin. Aikin gwamnati bai taɓa fitowa ba, ko da soja suka sauka. Ko sa hannun zai ɓata shi, ko rashin sa hannun ya gyara shi, babu wanda ya faru, don ba na jin akwai wanda ya sake buɗe dosiyen. Filin Rabe aka ba wani mai shago a babbar kasuwa. Alkamar da Rabe ya shuka, shi mai shagon ya girbe. Na ji an ce ya ɗauki Rabe aikin yini a wajen girbin. Ban je na gani ba.

Na ɗauka ba zai sake zuwa teburina ba. Amma marubuta uku ne a lokacin, biyun ba sa buga adireshin Faransanci daidai, wasiƙunsu kan dawo. Bayan girbi sai ga shi. Ya bi layi, ya jira har aka zo kansa. Ya zaro wani ganye da aka yago daga littafin makarantar ƴarsa, ya ɗaga shi ga rana, ya duba gaba, ya duba baya, sannan ya miƙo mini.

"A wagga za ka yi. Da alƙalami, ba da mashin ba."

Wasiƙar zuwa ga wansa ce, mai gadi a Arlit. Ya faɗa a taƙaice. An karɓe fili. Inna ta rasu ranar Talata, an rufe ta. Zai aiko da manyan yara biyu tare da direban da ya sani, wan ya riƙe su. Matar za ta koma gidansu da ƙananan. Shi zai shiga duniya, in ya sami wurin zama zai aiko.

A sana'ar nan, wasiƙar da ta cika nauyi mukan sa mata layi ɗaya na sanyaya rai a ƙarshe, ko mai ita bai faɗa ba. Mutane sun san da haka, suna ma so. Na rubuta cewa in Allah ya yarda za a sake rabon filaye, ana sa ran zai samu. Na karanta masa daga sama. Ya saurara da kai a sunkuye har na zo nan.

"Tsaya. Wa ya ce haka?"

"Ba wanda ya ce. Ana dai sakawa, don kada hankalin yaya ya tashi."

"Za a sake rabon?"

"Ban sani ba. Mai yiwuwa ne."

"Kai ka ji an ce za a sake?"

"Ban ji ba."

"To hidda shi."

Tawada ce, ba ta gogewa. Na ce sai dai a sake sabuwa, na kai hannu ga kundina. Ya dafe teburin.

"A'a. Ba ni da wata, taka kuma ba ni so. Ja mishi layi."

"Zai ga an soke, Malam Rabe. Zai iya karanta abin da ke ƙarƙashi."

"Shi gani."

Na ɗora rula na ja layin. Ya dangwala yatsa a ƙasa, ya ninke ta da kansa, ya shiga gidan waya.